Ina Za Mu Kwana da Bazara?

'Yan'uwa manoma na Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke kewaye: Kaka ta wuce, gero da dawa sun shiga rumbu, masu fadama kuma sun duƙufa a kan albasa da sauran noman rani. Wannan shi ne lokacin da ɗan kuɗi yakan zauna a hannun manomi. Shi ne kuma lokacin da mutum yakan ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinsa ya ce a ransa, bana sai kwano. To, kafin a tafi kasuwa a ɗauko bandir, muna so mu yi shawara da ku, gama mun ga abin da gaggawar nan take jawowa a gidaje da yawa.

A cikin yawon aikinmu mun taɓa sauka gidan wani magidanci a wani ƙauye na ƙasar Isa. Soron da ya gada wurin mahaifinsa yana ɗan yoyo. Da ya sayar da albasarsa sai ya sa aka kwashe ƙasar rufin, aka cire azara, aka buga kwano sabo fil yana ƙyalli. Da damina ya ji daɗi ƙwarai, ko ɗigo babu. Amma da watan Afrilu ya kama, daga hantsi har la'asar ba mai iya zama a ɗakin. Tsohuwarsa, wadda dominta aka yi gyaran, sai ta naɗe tabarmarta ta koma wani ɗan ɗakin ajiya a bayan gida, inda rufin ƙasa yake nan yadda aka bar shi. Da muka zauna hira, shi da bakinsa ya gaya mana cewa da kuɗinsa ya sayo wa gidansa zafi.

Abin da muke so mu faɗa a taƙaice shi ne, tsohon ɗakin ƙasa abin gyarawa ne, kada a yi saurin rushe shi. Kwano kuwa laima ce kawai, bai isa ya zama rufin ɗakin kwana shi kaɗai a ƙasa irin tamu ba.

Dalilin da maganar ta matsa yanzu

Wani zai ce ai zafin bazara ba yau aka fara shi ba. Gaskiya ne. Amma dā muna da maganinsa: da an yi sallar dare ko addu'ar kwana, kowa ya ja tabarma tsakar gida, samari su kwanta a ƙofar gida, ɗaki ya zama wurin ajiyar kaya har ruwa ya sauka. Yau wa zai yarda ya kwana a fili? Kun fi mu sanin abin da 'yan bindiga suka jawo wa ƙasar nan. Tun a 2019 dubban mutane daga wannan yanki suka ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi, waɗansu kuma suka bar ƙauyukansu suka taru a cikin garin Sabon Birni da na Isa wurin dangi. Ɗakin da aka gina domin miji da mata da ɗan goye ya koma ɗaukar gida guda. Dare na yi sai a ja ƙyaure a sa sakata, tagar ma waɗansu sun toshe ta da tubali saboda tsoro.

Ga shi kuma zafin kansa ba raguwa yake yi ba. A nan wurinmu ba abin mamaki ba ne ma'aunin zafi ya wuce digiri 40 a watan Afrilu. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, a garin Kayes na ƙasar Mali, ya kai digiri 48.5, asibitoci kuma suka cika da tsofaffi. Tsoho da jariri da mai juna biyu da mai ciwon hawan jini su ne zafi yake fara kayarwa, su ne kuma ba sa iya tashi su nemi inuwar bishiya. Saboda haka maganar rufin ɗaki ta wuce maganar jin daɗi, ta shafi rai.

Ta ina zafi yake shiga?

Ƙasarmu tana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A ƙarshen Afrilu rana takan tsaya daidai bisa kanmu da tsakar rana, har mutum ya taka inuwarsa. Watau rufi ne yake shan mafi yawan rana, sa'an nan bangon yamma da la'asar, da na gabas da hantsi.

Kwano bai kai kaurin farce ba. Idan rana ta buge shi yakan yi zafi ya wuce digiri 60, sa'an nan ya riƙa feso zafin nan ƙasa kamar yadda garwashi yake feso wa mai jin ɗumi. Ko an buɗe ƙofa da taga, na ƙarƙashinsa ba ya tsira. Alherinsa ɗaya, da rana ta faɗi yakan huce da sauri.

Ƙasa kuwa jinkiri gare ta. Bango mai kaurin kamu ɗaya yakan shanye zafin azahar a hankali, ba ya kai shi ciki sai bayan sa'o'i da yawa. Shi ya sa soro yake da sanyi da tsakar rana. Amma kada mu ɓoye aibinsa: zafin da ya shanye da rana shi yake amayarwa da dare, in an rufe shi ruf sai ya zama kamar tukunyar da aka sauke daga murhu ba a buɗe ba.

Kun ga kowanne da laifinsa. Kakanninmu kuwa sun riga sun nuna mana yadda ake haɗa biyun. Ku dubi rumbun laka na ƙasar Gobir: jikinsa ƙasa, bisa kansa jinka. Jinkar tana tare rana da ruwa, ƙasar tana riƙe sanyi. Ko albasa ma ba wanda yake zuba ta ƙarƙashin kwano tsirara, sai a yi mata rumfar kara da ciyawa inda iska take ratsawa, domin an san za ta ruɓe. Abin da muka san albasa ba ta jurewa, don me za mu ɗora wa iyayenmu da 'ya'yanmu?

Masu son kwano suna da hujja

Ba mu ce wanda ya yi kwano ya yi wauta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rufin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, magidanci kuwa ba kullum yake da ƙarfi ko lokaci ba. Giginyar da ake faskarawa a yi azara ta yi ƙaranci, wadda ake samu ta yi tsada, wani lokaci ma ɗanya ce gara ta cinye ta nan da nan. Idan ruwa ya yi yawa, kamar shekarar ambaliyar 2010 a kwarin Rima, rufin ƙasar da ya jiƙa yakan yi nauyi ya rufto wa na ciki. Duk wannan gaskiya ne, wanda ya taɓa tono ɗan'uwansa daga ƙarƙashin ƙasa ba za a yi masa wa'azin soro ba.

Amma akwai hanya tsakanin biyun. Wani mai zanen gine-gine ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001. Bangonta tubalin ƙasa ne, rufinta na ciki ma tubalin ƙasa ne, sa'an nan ya ɗaga kwano can sama a kan ƙarafa, ya bar fili tsakani iska tana wucewa. Kwanon ya tare ruwa da rana, zafinsa kuma iska ta kwashe kafin ya kai ga yara. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini a duniya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. In kun lura, dabarar rumbunmu ce ya yi da kwano. Maƙwabtanmu na Nijar kuma, tun a 1980 a Cikal ta ƙasar Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina yin rufin baka da na tulluwa da tubali zalla, babu azara ko ɗaya. Ashe ƙarancin giginya bai isa ya raba mu da rufin ƙasa ba.

Abin da za mu yi wa ɗakunan da muke da su

Na farko, wanda soronsa yake da rufin ƙasa. A kira magini ya duba azara ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa, wadda gara ta ci a sauya ta. A share indararo, a gyara gangaren rufi domin kada ruwa ya kwanta, a yi yaɓe kafin watan Mayu. In ana da halin kwano kuma azarar tana da ƙarfi, a ɗora shi bisa rufin ƙasar, a bar tsakani kamar taƙi ɗaya ko biyu, gefe da gefe a buɗe, a sa raga domin jemage da tsuntsaye. A ɗaure katakon da kyau a jikin gini, gama kun san guguwar farkon damina.

Na biyu, wanda ya riga ya yi kwano. Aikinsa na farko shi ne rufin ciki, watau silin. Ba lalle sai allon kanti ba. Zana mai kauri, ko asabari, ko karan dawa da aka jera aka ɗaure, ko tabarmar kaba ninki biyu, duk suna tare zafin da kwano yake fesowa. Wanda yake son ƙari ya kwaɓa buntun shinkafa da laka kaɗan da toka, ya shimfiɗa siriri a bisansa, gwargwadon abin da katakon zai iya ɗauka. Buntu ba ya saurin ruɓewa, ga shi kuwa ana zubar da shi a bakin injin casa ana cinna masa wuta. Sai dai a kula da abu uku. A bar kafa a saman bango gaba da baya, tsakanin silin da kwano, domin zafin da ya taru can ya sami mafita. Kada a yi silin ciyawa a ɗakin girki ko kusa da fitilar kananzir, wayar lantarki kuma a sa ta cikin bututu. Wanda kuma ya tarar da tsohon allon asbestas a gidansa, kada ya fasa shi ko ya yanka shi da zarto, ƙurarsa tana lalata huhu.

Na uku, fari. Duk mun san wanda ya sa baƙar riga da bazara ya fi shan wuya. Haka ɗaki yake. A shafe bango da farar ƙasa, musamman na yamma, a shafa wa bayan kwano farin fenti. A birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, bayan zafin watan Mayu na 2010 ya kashe mutane fiye da 1,300, hukuma ta tsara shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya ta sa shafa wa rufin gidajen talakawa fari a cikinsa. A nan wurinmu ƙurar hunturu takan dusashe farin, saboda haka a wanke ko a sabunta a ƙarshen Fabrairu.

Na huɗu, inuwa. Rumfar kara a jikin bangon yamma aikin yini ɗaya ne, amfaninta kuwa daga ranar za a fara gani. A dasa dogon yaro gabas da yamma da ɗaki, amma a ba shi tazara kada saiwa ta shiga ƙarƙashin gini.

Na biyar, toshe ɓaraka. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, haka ma ƙura da iskar zafi da sauro da kunama. A bi tsagar bango, da gefen katakon ƙofa da na taga, da tsakanin kan bango da silin, a cike da laka da aka kwaɓa da yankakkiyar ciyawa aka bar ta ta kwana biyu. Inda ake samun makuba a shafe da ita, tana korar ruwa. Muna gargaɗi a kan shafa siminti kai tsaye a jikin bangon ƙasa. Ba sa jituwa: laima takan maƙale a bayansa, gara ta yi gida a ɓoye, wata rana ya ɓamɓare ya faɗo da rabin bangon. Ladan toshe ɓaraka ya wuce maganin ƙura. A wani bincike da aka yi a Farafenni ta ƙasar Gambiya, aka buga a 2009, gidajen da aka sa wa raga a ƙofa da taga aka toshe bakin rufi, ko aka yi musu silin raga, sauron da yake shiga cikinsu ya ragu da kusan rabi, ƙarancin jini a jikin yaran gidajen ma ya ragu.

Amma kada a toshe numfashi

A nan ne muke roƙonku ku karanta da natsuwa, gama gyaran da aka yi rabi da rabi ya fi rashin gyara haɗari. Toshe ɓaraka daban, toshe iska daban. Manufar aikin ita ce mai ɗaki ya zama shi yake da ikon iskar ɗakinsa, ya rufe sa'ad da ta zama wuta, ya buɗe sa'ad da ta yi sanyi.

Kowane ɗakin kwana yana bukatar kafa biyu a bangaye masu fuskantar juna, ɗaya ƙasa-ƙasa, ɗaya can sama kusa da silin, domin iska mai zafi sama take hawa. Mun san tsoron da ya sa aka toshe tagogi. Maimakon babbar taga ɗaya, a huda ƙananan kafofi uku ko huɗu a sama, waɗanda ko yaro ba zai iya shiga ba, a sa musu ƙarfe da raga da ɗan murfin katako. Da bazara a rufe su daga hantsi, a buɗe bayan magariba har wayewar gari, domin sanyin asuba ya shiga bango ya zauna. Da hunturu kuwa a rufe na arewa maso gabas inda ƙura take fitowa, a bar ɗaya ɓangaren a buɗe.

Dalili biyu ya sa muke nanata wannan. Na farko sanƙarau. Ciwon nan da rani yake tashi, sa'ad da busasshiyar iska da ƙura suka raunana maƙogwaro, yana kuma yaɗuwa inda mutane suka cunkushe suna shaƙar numfashin juna. A 1996 ya kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. A 2017 ya sake tashi, jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina ne suka fi shan wuya, mutane fiye da 1,000 suka rasu a ƙasar. Babban maganinsa allurar rigakafi ce, kada kowa ya ƙi kai yaransa in an zo. Amma ɗaki mai shan iska yana taimakon allurar.

Na biyu gawayi. Da sanyin Disamba da Janairu mutane sukan shiga da kaskon garwashi ɗaki su ja ƙofa. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum yakan ji ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, daga nan sai a wayi gari a tarar da shi. Tsohon ɗaki mai ɓaraka ko'ina yakan kuɓutar da mutane ba su sani ba. Ranar da kuka toshe ɓarakar, wannan kariyar ta tafi. Saboda haka a ɗakin da aka gyara, a fitar da kasko waje kafin a kwanta. Janareta kuma ko a zaure ko a bakin taga kada a tayar da shi.

Aikin ƙungiya ne

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba kowace ƙungiya shawara ta sa wannan magana a taronta na gaba, ta yanke abubuwa huɗu.

A ware kara da gamba da buntu tun yanzu, bayan an cire rabon dabbobi da wanda za a bari ya rufe gona. Abin da ya saura kada a ƙone.

A yi gayya tsakanin Disamba da Fabrairu, kafin zafi ya kama. A fara da gidajen gwauraye mata da tsofaffi, da masu jego, da waɗanda suka karɓi 'yan gudun hijira, ba tare da duban wane ne ɗan ƙungiya ko wane addini yake bi ba. Zafi ba ya tambaya.

In asusun ƙungiya yana ba da rance domin kwano, a sa sharaɗi cewa kuɗin silin da raga suna cikin lissafi. Gara a rufe ɗaki ɗaya a gama da a buga wa ɗaki biyu kwano tsirara.

A fara da ɗakin ajiyar ƙungiya kanta. Masana iri suna da ƙa'ida cewa in wurin ajiya ya ragu da zafin kimanin digiri 5, kwanakin da busasshen iri zai yi da rai sukan ninka. Sau nawa muke zargin mai sayar da iri in bai tsira ba, alhali a ƙarƙashin kwanonmu ya gasu wata uku? A sayi ma'aunin zafi guda biyu, ba su da tsada. A rataye ɗaya a ɗakin da aka yi wa silin, ɗaya a wanda ba a yi wa ba, sakatare ya riƙa rubutawa da azahar da kuma tsakar dare har mako biyu, sa'an nan a karanta a gaban taro. Kada ku ɗauki maganarmu kawai, ku gwada ku gani da idonku.

Akwai tsofaffin magina a garuruwanmu waɗanda suka san kwaɓin ƙasa da jeren azara da ɗaurin baka, yawancinsu kuwa ba su da almajiri ko ɗaya, gama samari sun koma bulo. Ku neme su, ku biya su ladansu, ku haɗa su da kafintocin kwano su yi aiki a ɗaki ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani. In kun yi gwajin ma'aunin nan, ku aiko mana da abin da kuka samu ta hannun sakatarenku, za mu buga domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan, ya kai mu damina lafiya.